Kawu Manaja da Kwalbar Maganin Idon Kaka

Kawu Manaja bai taɓa zama manaja ba, gara in fara da wannan. Ni ce mai riƙe da akwatin hotunan gidanmu, ni ake tambaya wa ya haifi wa, kuma idan jikokinmu suka tashi suka ga hotonsa da biro uku a aljihun gaba, ba na so su ɗauka wani babban ofis ya riƙe.

Shi ne autan Kaka, ƙanin Mama. Aikin da ya yi tun tasowarsa shi ne liƙa sitika a wani ɗakin ajiyar kaya da ke bayan tashar manyan motoci. Idan katan ya shigo, sai a manna masa takardar da ke nuna abin da ke ciki da inda za shi. In an yi kuskure, a ɗaga tsohuwar a manna sabuwa. To ɗagawar nan ita ce baiwarsa, kuma iyakar baiwar ke nan. Yana da wata 'yar butar lantarki da yake ajiyewa a ƙarƙashin tebur. Sai ya kara sitika a bakin tururi, ya jira gam ya saki, ya zura bakin reza a hankali, ya ɗago ta lafiya lau ko kunnenta bai yage ba. Abokan aikinsa suka ga kullum yana zuwa da biro jere a aljihu alhali ba ya rubuta komai, suka laƙaba masa Manaja don tsokana. Shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Har yau idan aka kira shi da sunan, sai ya gyara wuyan riga kafin ya amsa.

Da kamfanin ya sayi injin liƙa sitika aka sallame su, Kawu ya dawo gida da butarsa a leda, ya sayi babbar waya, ya zauna. Matarsa, wadda muke ce wa Anti, ita ce ta ci gaba da riƙe gidan da keken ɗinkinta. Shi kuma aikinsa ya koma yin odar kaya ta intanet da yi wa mutane bayanin yadda duniya ta wuce su. Ya sayo takalmin da ƙafar hagu ta fi ta dama girma, ya ce haka ake yayi. Ya sayo agogon auna bugun zuciya, wanda wata rana Anti ta ɗaura shi a ƙafar kujera ya nuna kujerar na cikin ƙoshin lafiya. Duk wannan dariya muke yi. Wauta in ta tsaya a kan mai ita, ai nishaɗin gida ce.

Kaka kuwa saƙar kwarashi take yi, rigunan sanyi da hulunan jarirai, kuma rabin yaran unguwarmu a cikin saƙarta suka yi rarrafe. Ciwon hawan jinin ido ya cinye mata idon hagu tun kafin a gane mene ne, domin ciwo ne marar zafi, ɓarawo ne mai tafiya da sanɗa. Da aka je asibiti likita ya ce na daman zai tsira in an kiyaye abu biyu. Na farko maganin ɗigawa, safe da yamma, har ƙarshen rayuwa. Na biyu a riƙa kawo ta ana auna nauyin idon lokaci lokaci. Ya kuma faɗa da babbar murya cewa abin da ya tafi na gani ba ya dawowa, sai dai a tsare wanda ya rage.

Kaka ta riƙe maganar kamar ranta. Ta kafa doka: ba abin da zai shiga idonta sai kwalbar da ke da farar sitikar asibiti, mai sunanta da hatiminsu. Kafin a ɗiga mata sai ta shafa sitikar da babban yatsa, ta kawo kwalbar dab da ido ta ga harafin farko na sunanta. Takan ce, "Mai ido ɗaya ba ya wasa da ƙasa."

Mama koyarwa take yi a firamare, ni kuma ina aiki a shagon buga takardu, ba mai sukuni cikinmu da safe. Mutum ɗaya ne a dangi yake da lokaci har yana neman inda zai zuba shi. Haka aka ɗora wa Kawu kai Kaka asibiti da karɓo magani.

Da farko ya je. Amma sashen ido wuri ne na dogayen bencina da jira, inda ake kiran mutum da lambar katinsa. Ba wanda ya ce masa Manaja. Wata ma'aikaciyar jinya ma ta ce masa, "Kai mai birori, tashi ka ba dattijon nan wuri, kai ai rakiya ka zo." Ya dawo gida yana huci kamar an zage shi da uwa da uba. Da yammar ranar, muna zaune a ɗakin Kaka, ya zaro waya.

"Yaya, dubi nan," ya ce da Mama. "Ga maganin Inna, iri ɗaya sak. Ka danna, gobe mai babur ya kawo maka har ƙofa. Ba layi, ba raini."

Mama ta karɓa ta duba. "A ina kantin nasu yake?"

"A intanet mana."

"Na ji. Intanet ɗin a wane titi? Kuma ina wurin da za a saka takardar likita?"

Ya yi wata 'yar dariya ta tausayin jahilai. "Abin da ya burge ni da su ke nan. Ba sa tambayar takarda. Sun san mutunci, sun san babba ba ya ƙarya a kan ciwon uwarsa."

"Wanda zai ba ka maganin ido bai tambayi idon wa ba, ai ba mutuncinka ya gani ba," in ji Mama. Ta miƙa masa wayar. "Ka bi layi, Auta. Layi bai taɓa kashe kowa ba."

Kaka tana saƙa, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni dai mai sunana," ta ce.

Muka ɗauka magana ta mutu a nan. Ashe a kunnen Kawu ba "a'a" ya ji ba. Abin da ya ji shi ne matsalar sitika ce kawai, sitika kuwa an zo gidansa.

Abin da ya biyo baya daga bakin Anti na ji shi, da bakin mai gyaran waya na bakin titi, abokin hirarsa. Kawu ya dawo wata rana ya ce likita ya yaba da idon Kaka, ya ce ba sai an riƙa wahalar da tsohuwa ba, shi kaɗai ya riƙa zuwa yana karɓo magani. Muka yi hamdala. Ranar asibiti sai ya yi wanka, ya sa rigar fita, ya jera birorinsa, ya tafi rumfar mai gyaran waya ya zauna. Nan mai babur yake kawo masa 'yar fakitin. Ya sha hira har rana ta take, sannan ya koma gida ya kulle kicin, ya kunna buta. Ya ɗaga sitikar tsohuwar kwalba da tururi, ya shafa mata ɗan gam, ya kwantar da ita a kan sabuwar. Kwanan watan da ma'aikatan asibiti suka rubuta da hannu kuwa sai ya gyara shi da biro mai launi ɗaya da nasu. Bayan shekara da shekaru a aljihu, birorin nan sun samu aiki.

Anti ta ce ta tambaye shi sau ɗaya me yake dafawa da ƙofa a kulle. Ya ce sirace yake yi, mura ke damunsa.

Daga nan sai ya shigo ɗakin Kaka yana jan ƙafa, ya zube a kujera. "Wash. Inna, yau layin har waje. Ba don ke ba ce, wallahi da na juyo." Ita kuma ta shafa sitikar, ta ga harafin sunanta, ta sa masa albarka, ta ce in kawo wa kawuna ruwan sanyi.

Kaka ce ta fara lura. Ni nake ɗiga mata na yamma idan na taso daga aiki. Maganin asibiti yana da ɗan yaji a ido, kuma jim kaɗan bayan an ɗiga sai ta ji ɗaci a maƙogwaro, har takan ajiye alawa a kusa saboda haka. Wata yamma ta haɗiyi miyau, ta sake haɗiya.

"Takwara," haka take kirana don sunanta aka sa mini, "wannan ba ya ɗaci."

Kawu yana wurin, yana latsa waya. Bai ko ɗago ba. "Sabon samfuri ne, Inna. Sun cire ɗacin. Ku kuna nan zaune, masana suna can suna aiki."

"Har yajin ma babu."

"To da so kike a azabtar da ke? An sauƙaƙa miki kuma ya zama laifi?"

Kaka ta yi dariya ta ce Allah ya yi wa masana albarka. Ta ba ni alawar ta ce in shanye, tunda alawar ta rasa aiki.

Watanni suka shuɗe. Kafaɗar Kaka ta fara gaisawa da ƙyauren ƙofa. Ta zuba shayi a gefen kofi. Maƙwabciya ta shigo da 'yarta a gefe, Kaka ta gaisa da uwar ta tambaye ta ina ta baro yarinyar. Hular jariri da ta saƙa ta fito gefe ɗaya a zube, ita da a da ko a duhu ba ta kuskuren ido ɗaya na saƙa. Duk wanda ya yi magana sai ta ce tsufa ne, Kawu kuma ya ɗora da cewa ya karanta a waya haka tsufa yake yi, har ya karanto mana da Turanci.

Wata ranar hutu na fito da akwatin hotuna, don ina rubuta sunayen mutane a bayan kowane hoto tun masu sanin su suna raye. Na miƙa mata wani babba, na ranar da aka buɗe shagon marigayi mijinta, mutane sun jeru a gaban ƙofa. Ta riƙe shi a gaban fuskarta, ta kira sunan na tsakiya da na kusa da shi, ta ba ni tarihin kowa har da wanda ya ci bashin wa bai biya ba. Sannan ta miƙo mini.

"Saura, Kaka."

"Su ke nan ai."

"Mai shagon fa?"

"Ba ya cikin wannan. Wataƙila shi ya ɗauka."

Yana ciki. Yana tsaye daga gefen dama, dogo, hannunsa a kan ƙofar shagonsa. Na kama hannunta na matsar da hoton a hankali zuwa hagu. Sai ga shi ya shigo mata. Ta ƙura wa mijinta ido, ta mayar da hoton inda yake da, ya ɓace, ta sake matsarwa, ya dawo.

"Kira mini uwarki," ta ce.

Mama ta ɗauki izini a makaranta, ni ma na roƙi mai shagonmu. Da Kawu ya ji za mu asibiti sai ya rikice da shawarwari. Likitan ya yi tafiya. Injin awon ya lalace. Ranar ba ranar masu ido ba ce. A ƙarshe ya ce cikinsa na murɗa, mu je kawai, zai biyo mu. Bai biyo mu ba.

Ma'aikaciyar da ta zaro katin Kaka ta dube shi, ta dube mu. "Ina kuka shiga? Mun ɗauka kun canja asibiti."

"Ƙanina yana zuwa karɓar magani," in ji Mama.

"Ba a nan ba dai. Mu ba ma ba da shi sai an auna ido."

Mama ta ciro kwalbar daga jaka ta ajiye a kan tebur kamar mai ajiye shaida. Aka tura mu tagar masu ba da magani. Matar da ke wurin ta juya kwalbar, ta ce sitikar tasu ce, rubutun ma na abokiyar aikinta ne, sai dai abokiyar ta daɗe da barin sashen. Ta sa farce a kusurwa, sitikar ta taso ba gardama, don ta gaji da yawo daga kwalba zuwa kwalba. A ƙarƙashi sunan maganin yana nan, amma bugun ya yi dishi-dishi, babu lambar rajista, babu ranar da zai lalace, babu sunan wanda ya yi shi. Ta ce ba za ta iya rantsuwa a kan abin da ke ciki ba sai an gwada, amma ta sha ganin irinta, wasu ruwan gishiri ne kawai, kuma mu gode wa Allah in ruwan mai tsabta ne. Ta ƙara da cewa akwai kantunan magani na gaskiya a intanet, masu lasisi da adireshi da ma'aikacin da za ka yi magana da shi, kuma alamarsu ta farko ita ce ba za su saki irin wannan magani ba sai sun ga takardar likita.

Likita ya auna idon, ya sake aunawa. Ya sa Kaka ta leƙa wani inji tana danna maɓalli duk lokacin da ta ga ɗigon haske. Na tsaya a bayanta ina jin yadda dannawar take nisa da juna. Da ya gama ya ce gefe da gefen ganin ya tafi, abin da ya rage kamar mai leƙe ta cikin bututu ne. Ya ce za a yi ƙoƙarin riƙe wannan da magani mai ƙarfi, wataƙila da aiki. Mama ta tambaye shi ko wanda ya tafi zai dawo, ko da kaɗan. Ya ce ai ya faɗa mana tun farko.

Mun tarar da Kawu a ɗakin Kaka, cikin ya warke, yana cin biredi da shayi. Mama ta ajiye kwalbar a gabansa, sitikar tana reto a jikinta, ta gaya masa abin da matar tagar magani da likita suka faɗa. Anti ta bar kekenta ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.

Wani zai yi kuka. Wani zai durƙusa. Kawu waya ya zaro.

"Kafin ku yanke mini hukunci ku dubi taurarin da mutane suka ba su. Biyar biyar ne, Yaya. Har da hoton likitansu, ga shi da farar riga."

"Kira shi," in ji Mama.

"Wa?"

"Likitan mai farar riga. Kira shi ka ce masa uwarka ba ta ganin gefenta."

Ya danna lambar, aka ce ba ta aiki. Ya buɗe shafin. Shafin yana nan, likitan yana nan da murmushinsa da abin awo a wuya, sai dai yanzu man gyaran gashi yake tallatawa. Kawu ya ƙura wa wayar ido, sannan ya ɗago da fuskar wanda aka zalunta.

"Kun gani ko? Ni ma cutata aka yi. Ni ne na farkon wanda aka cuta a maganar nan, amma ba mai tausaya mini."

"Sirace," in ji Anti daga bakin ƙofa. "Wata da watanni kana sirace, mura ba ta warke ba. Ashe idon uwarka kake dafawa."

Kawu ya ɗauki kwalbar yana juya ta, ya sa yatsa ya kwantar da sitikar, ta sake tasowa. Sai ya dube ni, ya rage murya kamar mai tambayar sirrin sana'a.

"Ke, ta ina matar ta gane? Ta kusurwar nan ce ko? Gam ɗin ne ba shi da kyau. Da irin na wurin aikinmu ne, wallahi ko da gilashin ƙara girma ba za ta gani ba."

Na sha jin an ce wane ba shi da kunya. Ranar na ga abin da ya fi rashin kunya, na ga mutumin da ko wurin da ake ajiye kunyar ba a halitta masa ba.

Duk wannan Kaka tana zaune a bakin gado, hannuwanta a cinya. Ba ta zage shi ba, kuma na so ta zage shi. Ta juya kai a hankali tana nemansa har ta same shi.

"Auta," ta ce, "da ka gaya mini layin ne ya dame ka, da na bi abina. Ni ban gaji da shi ba."

An yi mata aikin, an riƙe abin da ya rage. Yanzu Mama ke kai ta awo, kuma idan maganin ya yanke a asibiti tana yin oda daga wani kanti mai lasisi da su suka nuna mata. Sai ta aika hoton takardar likita, wani ma'aikaci ya kira ta ya yi mata tambayoyi, sannan a kawo. Kawu ya ce kantin bai iya kasuwanci ba, sun cika bincike kamar 'yan sanda. Ɗacin ya dawo maƙogwaron Kaka, kuma duk yamma idan ta ji shi sai ta gyaɗa kai. Kwarashin dai ta ba Anti, ta ce ba za ta sa wa jaririn mutane karkatacciyar hula ba.

Kawu Manaja yana nan da ransa da lafiyarsa, idanunsa biyu garau. Yana zuwa gaishe ta kusan kullum, don a ce yana zuwa. Ya karanta a waya iya inda mai irin ciwonta yake gani, saboda haka ya ja kujerarsa zuwa gefen gado, dab da bango, inda ganinta ba ya kaiwa. Nan yake zama. Idan ta ji motsinsa sai ta ce, "Auta ne? Zo nan gabana in gan ka."

Shi kuma ya ce, "Ina nan, Inna, ina jin ki," ya ci gaba da latsa wayarsa.